Neman tsohuwar zuma a Tudun Wadar Zariya: Shin harshe kaɗai ya isa shaida?

Da zarar sanyin hunturu ya kankama, tari da mura suka shiga gidaje, kasuwar zuma takan buɗe a Tudun Wadar Zariya. Ana ganinta a shagunan magungunan Musulunci jere da habbatus sauda da man zaitun, a kan tebura a bakin kasuwa, a ƙofar masallatai ranar Juma'a, da hannun 'yan talla masu yawo da ita a roba har da saƙarta.

Yawancin masu saye da tambaya ɗaya suke farawa: "Malam, tsohuwa ce?" Amsar ma kusan iri ɗaya ce a ko'ina: "Alhaji, ɗanɗana ka ji."

Sai a tsoma tsinke, ko a ɗiga masa a bayan hannu. Mai saye ya lasa, ya ɗan yi shiru, ya ɗaga kwalbar ya haska ta a rana. Idan ta yi ja har ta doshi baƙi, ta kuma karce shi a maƙogwaro, an wuce maganar inganci, saura ciniki.

Tsohuwa ta fi sabuwa tsada, kuma ba don marmari ake nemanta ba. Wani mahaifiyarsa ce ke fama da gyambon ciki, wani matarsa ce ke jego, wani kuma malaminsa ne ya ce a haɗa rubutu da ita. Bahaushe ya riga ya yanke hukunci tun kaka da kakanni cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai da wuya ka ga kwalbar da aka rubuta wa shekarar da aka ɗebi zumar, ko dajin da ta fito, ko sunan gidan da suka ɗebo ta. Galibi tsohuwar gorar ruwa ce aka wanke aka ɗura. Duk cinikin ya rataya ne a kan harshen mai saye da rantsuwar mai sayarwa.

Daga amya zuwa gora

Babu zumar kirki da ake samarwa a cikin Tudun Wada kanta. Unguwar da Turawan mulkin mallaka suka yanka wa baƙi 'yan Arewa a tsakanin Birnin Zazzau da Sabon Gari ta daɗe da cika da gidaje da shaguna. Zumar shigowa take yi, kuma idan ka tambayi masu sayarwa za ka ji sunayen Giwa, Birnin Gwari, Kauru, Lere, Kachiya, dajin Falgore, har da tsaunin Mambila a Jihar Taraba da ƙasar Adamawa ta Kamaru.

A yawancin waɗannan wurare sana'ar ta gado ce. Uba ke koya wa ɗa saƙa amya da ciyawa, da yaɓe ta da kashin shanu, da turara ta da itatuwa da ganyayen da ƙudan zuma ke so, sannan a hau da ita bishiya a ɗaure a tsakanin rassa. Wasu tukunyar ƙasa suke kifawa, wasu kututturen itace mai rami. Haɗin turaren shi ne sirrin gida, kuma ba kasafai ake faɗa wa bare ba.

Babban ɗiba yakan zo ne a bazara, daga wajen watan Maris zuwa farkon saukar ruwa, bayan ɗorawa da kaɗanya da mangwaro da rimi sun gama fure. Akwai wani ƙaramin ɗiban bayan damina. Da dare ake yi, da damin ciyawa mai ci da wuta, domin ƙudan zuman Afirka ta Yamma mafaɗaci ne. Kirarin nan na ga zaƙi ga harbi, wanda ya taɓa hawa bishiya da tsakar dare ya fi kowa sanin ma'anarsa.

A wannan daren ake yanke wa zuma hukuncin ko za ta iya tsufa ko ba za ta iya ba.

Ruwan zaƙin da ƙudan zuma ke tsotsowa daga fure tsinkakke ne. A cikin amya suke ta kaɗa masa fukafukai har ruwan da ke jikinsa ya ragu ya dawo wajen kashi 17 zuwa 18 cikin 100, sannan su toshe bakin kowane rami da kaki. Zumar da aka toshe ita ce nunanniya. Saboda ƙarancin ruwa da yawan sukari da ɗan tsamin da ke cikinta, ƙwayoyin cuta ba sa iya hayayyafa a ciki, shi ya sa take shekaru ba ta lalace ba.

Wanda ya san sana'ar yakan ware saƙar da aka toshe daban, ya ware wadda ba a toshe ba, ya kuma ware mai ɗauke da 'ya'yan zuma da garin fure. Mai gaggawa kuwa sai ya haɗa duka a bokiti ɗaya ya matse. Irin wannan zumar ba ta kai wa baɗi. Bayan 'yan watanni sai ta fara kumfa, gorar ta kumbura, ta yi tsami, warin giya ya fara tashi. Ba abin mamaki ba ne, domin a Habasha, ƙasar da ke kan gaba wajen samar da zuma a Afirka, da gangan ake sirka ta da ruwa a bar ta ta yi tsami ta zama giyar da suke kira tej.

Ke nan tsohuwar zuma ta gaskiya shaida ce a kan aikin wanda ya ɗebe ta. Wannan kaɗai ya isa dalilin girmama ta.

Abin da harshe ke iya kamawa

Masu dogon hannu a harkar ba sa ɗanɗano da ka. Sun fi son safiya, kafin a ci goro ko a sha shayi ko wani abu mai yaji. Hanci ke fara aiki. Ana neman ƙamshin fure da na kaki, ana kuma sauraron ƙaurin wuta ko warin tsami. Sannan a ɗora ɗigo ɗaya a kan harshe a bar shi ya narke da kansa. Kafin a koma kan wata kwalbar sai a kuskure baki da ruwan ɗumi.

Zaƙin sukarin da aka dafa a fili yake, yana zuwa gaba ɗaya ya wuce gaba ɗaya. Na zuma hawa-hawa ne. Akwai wanda ake ji a gaban harshe, akwai ɗan tsami a gefe, akwai kuma abin da ke saura a maƙoshi bayan an haɗiye, wani lokaci garɗi, wani lokaci ɗan bauri ko ɗaci.

Wannan saura shi ne ke tona asirin bishiya. Zumar da darbejiya ta yi wa yawa takan bar ɗaci a baya. Ta bishiyar turare tana da wani ƙamshi kamar na magani. Masu sana'ar kan yabi ta ɗorawa saboda ja da nauyin ƙamshinta. Amma tunda ƙudan zuma ba ya neman izini kafin ya sauka a kan fure, yawancin zumar dajin Arewa gauraye ce, kuma ta bana ba lallai ta yi daidai da ta bara ba, ko da daga amya ɗaya suka fito.

Suratun Nahli ma da ta ambaci zuma, ta haɗa waraka ne da saɓanin launuka.

A wasu ƙasashe an mayar da wannan ɗanɗano ilimi mai zaman kansa. Italiya tana da rajistar ƙwararrun masu ɗanɗanon zuma, waɗanda sai sun yi kwas sun ci jarrabawa ake saka sunansu. Suna zuba zumar a kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki don ƙamshi ya taru, dabarar da suka aro daga masu ɗanɗanon giyar inabi. Duk da haka abin da suke tantancewa shi ne irin furen da kuma aibin da ke cikin zumar. Ba sa ɗaukar harshe a matsayin mai faɗin shekaru.

Ja daban, tsufa daban

Gaskiya ne zuma tana ƙara duhu idan ta daɗe a ajiye. Sukarin da ke cikinta yana haɗuwa a hankali da wasu sinadarai, launin ya riƙa sauka daga ruwan ɗorawa zuwa ja, daga ja zuwa baƙi-baƙi. Daga nan mutane suka ɗauki ja a matsayin alamar tsufa.

Amma hanyoyin da zuma ke bi ta yi ja suna da yawa, kuma shekaru ɗaya ne kawai daga ciki.

Akwai furen da zumarsa ja take fitowa tun ranar farko. Akwai tsohuwar saƙa, wadda aka yi ta renon 'ya'ya a cikinta har ta yi baƙi, kuma duk zumar da aka matse daga ita sai ta ɗauki launinta. Akwai hayaƙi da tokar ciyawar da aka yi ɗiba da ita. Akwai kuma wuta. Masu son raba zuma da kaki cikin sauri sukan ɗora saƙar a tukunya su narkar, kuma zumar da aka ɗebo jiya, idan ta sha wuta yau, gobe za ta yi kama da wadda ta shekara biyar.

Daga nan sai a zo kan 'yan algus. Sukarin da aka ƙona har ya yi ja, ko mazarƙwaila da aka narkar, wadda ba ta wahalar samu a ƙasar rake irin ta Maƙarfi da Kudan, ko ruwan gulukos na masu yin alewa, duk suna iya shiga cikin zuma kaɗan su cika galan. Wasu har gutsuren saƙa da mataccen ƙudan zuma suke jefawa a sama don ido ya gamsu. Jan launin da mai saye ya dogara da shi, shi ne abu mafi sauƙin ƙirƙira a cikin duka.

Abin takaicin shi ne yadda ake gudun alama ta gaskiya. Zuma mai kyau tana iya daskarewa a lokacin sanyi, ta yi tsaki-tsaki a ƙasan kwalba. Wani nau'in sukari ne na halitta da ke cikinta yake rabuwa da ruwa, kuma wasu zumomin sun fi wasu saurin yi, gwargwadon furen da aka tsotso. Da yawa daga masu saye na ganin haka sai su ce an zuba sukari, su mayar da kaya. Mai sayarwa da ya gaji da rigima sai ya koyi dafa zumarsa don kada ta daskare. Da haka mai saye ke tilasta a lalata masa abin da ya zo nema.

Ashana, ruwa da kiyashi

Kowa a kasuwa yana da gwajinsa. A tsoma kan ashana a zuma a ƙyasta, idan ta kama an ce mai kyau ce. A ɗiga a kofin ruwa, idan ta nutse ba ta watse ba an ce ta ci jarrabawa. A ɗiga a kan yashi ko takarda a ga ko za ta tsaya dunƙule. Wasu ma cewa suke kiyashi ba ya bin zumar gaskiya, maganar da duk mai amya zai yi wa dariya, domin kiyashi da tururuwa na cikin manyan abokan gabar ƙudan zuma.

Sauran gwaje-gwajen kusan abu ɗaya suke aunawa, wato kauri. Suna iya kama zumar da aka sirka da ruwa. Ruwan sukarin da aka dafa ya yi kauri kuwa zai wuce su duka lafiya lau.

Ko manyan ɗakunan gwaji na duniya suna shan wahala. Akwai gwajin da ke gano sukarin rake da na masara a cikin zuma, sai masu algus suka koma ruwan sukarin shinkafa da wasu da gwajin ba ya gani. A watan Maris na 2023 Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon wani bincike a kan zumar da ake shigar mata daga waje. Cikin samfura 320 da aka gwada, 147, wato kashi 46 cikin 100, an zarge su da gauraye. A ƙarshen 2024 ƙungiyar masu kiwon zuma ta duniya, Apimondia, ta sanar da cewa ba za ta ba da kyautar zuma mafi kyau ba a taronta na 2025 a birnin Copenhagen, saboda ba ta da tabbacin za ta iya raba ta gaskiya da ta jabu.

Idan haka ta faru da masu na'urori, mai tsinke a bakin kasuwar Tudun Wada sai ya yi hattara da yarda da harshensa.

Abin da ya faru a wani gwanjo a New York

Babu kasuwar da ta kai ta tsohuwar jar giyar inabi ta Turai ɗaukaka ɗanɗano da tsufa. Giya haramun ce ga Musulmi, kuma babu mai cewa a yi koyi da shanta. Amma abin da ya faru a wannan kasuwa ya shafi duk mai sayen kaya saboda shekarunsa.

A yankin Burgundy da ke gabashin Faransa akwai gidajen da suka gaji gonakin inabi tun kakanni. Kowace kwalba tana ɗauke da sunan gidan, da sunan gonar, da shekarar da aka tsinki inabin. Tun 1935 Faransa ta kafa dokar da ta hana wani ya yi amfani da sunan yanki idan ba a can ya noma ba. Attajirai kan biya dubban daloli a kan kwalba ɗaya da ta shekara hamsin, kuma akwai ƙwararru da ake ji da su wajen ɗanɗano.

Duk da haka wani matashi ɗan asalin Indonesiya mazaunin Kalifoniya, Rudy Kurniawan, ya shafe shekaru yana haɗa giya masu araha a gidansa, yana ɗurawa a tsofaffin kwalabe, yana manna musu takardun bogi. Masana sun sha, sun yaba, an saya da miliyoyin daloli.

Littafin gida ne ya fara tona shi. A watan Afrilun 2008 aka kai wasu kwalabe gwanjo a New York da sunan gidan Ponsot, an rubuta cewa daga gonar Clos Saint-Denis suke, na shekarun 1945 zuwa 1971. Laurent Ponsot, wanda ke riƙe da gidan a lokacin, ya san cewa sai a 1982 iyalinsa suka fara yin giya daga wannan gona. Ya hau jirgi ya je har wurin gwanjon, aka janye kayan. Hukumar FBI ta kama Kurniawan a 2012, inda ta tarar da tarin takardun mannawa da marufai da kwalabe a gidansa, kuma a 2014 kotu ta ɗaure shi shekara 10.

Ponsot bai buƙaci buɗe kwalba ko ɗaya ba. Ya dai san abin da gidansu ya yi da shekarar da ya yi shi. Wannan ne abin da gidajen masu amya a ƙasar Zazzau suke da shi a ka, amma ba ya biyo zumar zuwa kasuwa. Kafin gora ta iso Tudun Wada ta bi ta hannun mai tarawa a kasuwar ƙauye, da dillali, da mai sari, kuma a kowane hannu ana iya juye ta cikin wata jarkar a haɗa da ta wasu.

Me shekaru ke yi wa zuma?

A nan ne karin magana da ɗakin gwaji suka ɗan saɓa.

Hukumar Codex Alimentarius, wadda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa don tsara ma'aunin abinci, ta ce ruwan da ke cikin zuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100. Ta kuma sa iyaka ga wani sinadari da ake kira HMF, wanda ke ƙaruwa idan zuma ta daɗe ko ta sha zafi: miligiram 40 a kowane kilo, ko 80 ga zumar ƙasashe masu zafi irin namu. A ma'aunin kasuwar duniya, yawan wannan sinadari alama ce ta cewa zuma ta gaji.

Akwai kuma sinadaran da ƙudan zuma ke zubawa daga jikinsa, waɗanda ɗaya daga cikinsu ke taimaka wa zuma kashe ƙwayoyin cuta a kan rauni. Waɗannan raguwa suke yi da lokaci, kuma zafi ke kora su. Wani bincike da Jonathan White da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1964 ya auna ɗaya daga cikinsu, mai suna dayastes. A ma'aunin zafi 20, sai bayan kusan shekara huɗu rabinsa ke ƙarewa. A 30, kwana 200. A 40, wata ɗaya kacal.

Duk wanda ya san Zariya a watan Afrilu, ya kuma ga gorunan zuma jere a kan tebur a tsakar rana daga safe zuwa la'asar, zai iya yin lissafin da kansa.

Wannan bai mayar da tsohuwar zuma abin banza ba. Wadda aka ɗebo nunanniya, ba a dafa ba, aka toshe bakinta aka ajiye a ɗaki mai sanyi da duhu, tana riƙe yawancin amfaninta, ɗanɗanonta kuma yana ƙara zurfi. Mutanen da suka bar mana karin maganar a tulu da tandu suke ajiye zumarsu, a lungun ɗakin soro, su liƙe bakin. Ba su san gorar roba mai shan rana ba. Amma babu wata hujja da ke nuna cewa shekaru da kansu suna ƙara wa zuma ƙarfin magani, kuma ai ko a bakin Bahaushe an fi jefa wannan karin magana idan ana zancen dattijo ko tsohon aboki.

Akwai gargaɗi biyu da likitoci ke maimaitawa, kuma tsufan zuma ba ya ɗage ko ɗaya. Ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko da lasawa ce, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar botulizim, wadda hanjin babba ke iya jurewa amma na jariri ba ya iyawa. Mai ciwon sukari kuma ya sani zuma, tsohuwa ko sabuwa, kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, kuma tana ɗaga sukarin jini. Ga tarin yaran da suka haura shekara ɗaya kuwa, hukumomin lafiya a ƙasashe irin su Ingila sun yarda a gwada ta.

Masu amya na raguwa

Yayin da ake ta muhawara a kan kwalba, tushen zumar ne ke ƙafewa. Matsalar 'yan bindiga a dazukan Birnin Gwari da Giwa ta shafe shekaru tana hana mutane shiga inda amyoyinsu suke, ballantana da dare. Masu gawayi da masu itace suna sare bishiyoyin da ƙudan zuma ke dogaro da su, har da ɗorawa da kaɗanya waɗanda a da ba a taɓawa. A fadamun Galma da sauran wuraren noman rani, feshin maganin ƙwari a lokacin da amfanin gona ke fure yana kashe ƙudan zuman da ya zo kiwo.

Ɗiba da wuta ma yana da nasa laifin, domin sau da yawa yakan ƙone ƙudan ko ya kore su gaba ɗaya. Akwatunan zamani, irin wanda Langstroth ya ƙirƙiro a Amurka a 1852 da mai sanduna a sama da aka fi sani da na Kenya, suna ba da damar zare saƙar da ta nuna kawai a bar sauran. Sai dai akwati yana da tsada, kuma a ƙasa ake ajiye shi, inda ɓarawo da gobarar daji suka fi saurin kai masa.

Mai amya na gaskiya, wanda ya jira shekara guda ya kuma sha harbi, ba zai iya karya farashi ya yi daidai da mai tukunyar sukari ba. Idan mai saye bai iya bambance su ba, na gaskiyar ne ke barin sana'a, ko kuma shi ma ya fara sirki.

Ba ilimi Zariya ta rasa ba. A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS, duka a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa. Hukumar NAFDAC ke da alhakin rajistar zumar da aka ƙulla a kwalba da sunan kamfani, amma mafi yawan wadda ake sayarwa a gora ba ta bi ta gabanta. Na'urar auna ruwan zuma kuwa 'yar ƙarama ce, tana shiga aljihu, ɗigo ɗaya take buƙata, kuma ƙungiyar 'yan kasuwa ɗaya za ta iya sayen guda ta ajiye wa kowa.

Maƙwabta sun riga sun gwada kare suna. A 2013 farar zumar Oku ta Kamaru ta samu rajistar da ta keɓe sunan ga zumar wannan yanki kaɗai, a ƙarƙashin ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta OAPI, wadda daga baya ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi irin wannan rajista. Najeriya ba ta cikin ƙungiyar. Zumar sidir ta Wadi Do'an a Yaman, wadda alhazai ke sayowa da tsada daga Saudiyya, daga bishiyar kurna take, 'yar uwar magarya, kuma dukansu suna nan birjik a ƙasar Hausa. Abin da ake biya a can har da sunan kwarin da ta fito.

Kafin a kai ga nan, wasu magidanta a Tudun Wada da kewaye sun daina neman tsohuwar zuma a kasuwa. Idan bazara ta yi, sai su aika wa wani mai amya da suka sani a ƙauye, ko suka san mahaifinsa, a kawo musu da saƙarta, a toshe. Su tace ta da kyalle mai tsabta ba tare da wuta ba, su zuba a kwalbar gilashi, su rubuta wata da shekara a jikin murfin, su tura ta ƙarƙashin gado. Ba a fito da ita sai wani ya kwanta rashin lafiya, ko an yi baƙon da ya isa a buɗe masa.